Otal ɗin ma'aurata zalla a Karibiyan: me kuɗinka zai saya, kuma zai dace da ku?

"Assalamu alaikum. Ni da mai ɗakina za mu cika shekara goma da aure, ina so in kai ta hutun mako guda, mu biyu kawai, yara su zauna wajen kakarsu. Na ga hotunan wasu otal-otal na bakin teku a Karibiyan da aka ce na manya ne zalla, na ma'aurata, kuma kuɗi ɗaya ake biya ya haɗa komai. Daga Kaduna muke, fasfonmu na Najeriya ne, ba ma shan giya, ita kuma tana sa hijabi. Wurin zai dace da mu? Me ya kamata in sani kafin in biya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya raya zuri'a. Idan na fahimce ka, kana so ka san ko irin wannan otal zai ba ku abin da kuke nema, wato natsuwa da sirri da abincin da za ku ci hankali kwance, da kuma ko wahalar hanya da kuɗin za su biya. Amsata ita ce zai iya dacewa da ku sosai, amma da sharaɗi: sai ka zaɓi otal ɗin bisa halinsa, ka zaɓi ɗakin bisa gininsa. Sunan "na manya zalla" shi kaɗai ba ya ba ka tabbacin komai daga cikin abin da kake so.

Abin da sunan yake nufi

Alkawari ɗaya ne tak a cikin wannan suna: ba a karɓar yara. A yawancinsu sai mai shekara 18, wasu kuma suna karɓa daga 16. Ko jaririn goyo ba ya shiga, don haka idan uwargida tana shayarwa, maganar ta tsaya sai an yaye. Waɗanda suka ƙara da cewa na ma'aurata ne, irin su otal-otal na kamfanonin Sandals da Couples, ɗakunansu na mutum biyu ne da gado ɗaya, kuma kusan duk wanda za ku gani a wurin shi ma da abokin zamansa ya zo.

Jamaika ce cibiyar wannan salo. A 1978 Abe Issa ya mayar da otal ɗinsa na Tower Isle, kusa da Ocho Rios, wurin ma'aurata mai biyan kuɗi ɗaya, sannan a 1981 Gordon Stewart ya buɗe Sandals na farko a Montego Bay. Daga nan abin ya bazu zuwa Sen Lusiya, Antigwa, Barbados, Bahamas da Giranada, sai kuma Punta Cana a Jamhuriyar Dominikan da gaɓar Kankun ta Meziko, inda kamfanoni irin su Secrets da Excellence suke da ƙarfi. An gina su ne don baƙi daga Amurka da Kanada da Turai, kuma al'adar hutun waɗannan mutane ce ke gudana a ciki: kayan ninkaya tun safe har yamma, giya a kowane lungu, kiɗa da dare.

A ƙarƙashin sunan akwai wurare da suka yi hannun riga da juna. Akwai na natsuwa, inda da ƙarfe goma na dare wuri ya yi tsit. Akwai na shagali, masu lasifika a bakin kwamin ninkaya tun azahar da casu har tsakar dare, waɗanda ƙungiyoyin abokai ke cikawa. Akwai kuma waɗanda suka ware wurin zama tsirara. Otal ɗin Hedonism II da ke Negril a yammacin Jamaika da wannan ya yi suna, ba wurinku ba ne sam. Wasu otal-otal na Couples ma, duk da natsuwarsu, suna da keɓantaccen sashe na masu shan hantsi ba tufafi. A Tower Isle wani ɗan tsibiri ne da ake zuwa da kwalekwale, don haka wanda bai je ba ba zai gani ba, amma gara ka sani tun kana gida. Idan talla ta ambaci "au naturel" ko "clothing optional", wannan take nufi.

Hanyar gane halin otal ita ce ka bar hotunan kamfanin, ka nemi hotuna da bidiyon da baƙi suka ɗauka da wayoyinsu cikin wata shida da suka wuce. Ka duba yawan ɗakuna: mai ɗaki 80 ko 100 da wuya ya yi hayaniyar mai ɗaki 600. Ka nemi jadawalin nishaɗinsu na mako. Sannan ka karanta ƙorafin masu ƙorafi, domin a nan gaskiya take. Idan ka ga ana ta kukan wurin ya cika shiru, babu abin yi da dare, to ka samu irin naku.

Ɗaki shi ne rabin tafiyar

Ga ma'aurata irinku, inda za a kashe kuɗi ke nan. Baƙon da ya zo daga Turai ɗaki wurin kwana ne kawai a wajensa, yininsa a bakin ruwa yake. Ku kuwa, idan babban kwamin ninkaya ya cika da mutane cikin shigar da ba za ku so zama a cikinta ba, ɗakinku da barandarsa su ne hutun.

Sunayen ɗakuna suna da tarko. Mai kallon lambu shi ne mafi araha. Wanda aka ce yana kallon teku, sau da yawa sai ka leƙa ta gefen baranda kake hango ruwan. Wanda yake fuskantar teku kai tsaye ajinsa daban ne kuma ya fi tsada. Babban kuskuren da nake yawan gyara wa masu shirin irin wannan tafiya shi ne ɗakin da ake kira "swim-up". A hoto za ka ga ƙofa ta buɗe, ga ruwa a bakinta, sai ka ɗauka naka ne kai kaɗai. Alhali doguwar ƙorama ce da ta ratsa gaban ɗakuna goma ko fiye, maƙwabta suna iyo suna wucewa ta gabanku, masu tafiya a hanya suna kallo, na benen sama suna hangowa. Wanda ya biya ƙarin kuɗi don matarsa ta yi wanka cikin sirri, ya sayi akasin abin da yake so.

Abin da za ka nema shi ne ɗaki mai ɗan kwamin kansa, wanda suke kira "private plunge pool", kuma shi ma kada ka tsaya ga sunan. Ka rubuta musu ka yi tambaya dalla-dalla: katanga ce ta kewaye shi ko shuke-shuke? Ana hango shi daga wani bene, ko daga hanya, ko daga rairayin bakin teku? Masu gyaran lambu da masu wanke kwamin da wane lokaci suke shigowa, kuma suna ƙwanƙwasawa? Ka ce su turo hoton da aka ɗauka daga cikin ruwan ana kallon waje, da wanda aka ɗauka daga waje ana kallon ciki. Kwamin da ke kan rufin bene na ƙarshe yakan fi na ƙasa sirri, matuƙar babu wani gini da ya fi shi tsawo a kusa. Ka kuma tambayi zurfinsa idan ba ku iya ruwa ba. Yawancinsu ba sa wuce ƙirjin babban mutum, amma a tabbatar.

Ɗakunan da aka gina a kan ruwa, irin na Sandals Royal Caribbean a Montego Bay, suna da kyan gani kuma su ne kan gaba a tsada, sai dai kwalekwale da masu iyo suna wucewa, kuma barandar wani takan kalli ta wani. A Sen Lusiya akwai wani salon a yankin Soufrière: otal-otal ɗin Jade Mountain da Ladera suna da ɗakuna masu bango uku, na huɗun a buɗe yake yana kallon duwatsun Piton, kuma da yawansu da kwaminsu a ciki. Wajen sirri da wuya a samu kamarsu. Amma a kan tudu suke, akwai hawa da sauka, iska da gidan sauro ne madadin na'urar sanyaya ɗaki, kuma Ladera ba a bakin teku yake ba, sai an sauke ku da mota. Mai ciwon gwiwa ko mai tsoron ƙwari ya yi tunani.

Idan kuɗin ɗaki mai kwami ya yi yawa, ga dabarar da ke aiki: ka rage kwanaki, ka ɗaga ajin ɗaki. Kwana biyar a ɗakin da ya dace ya fi bakwai a wanda za ku yini a takure. Sannan ku riƙe safiya. Daga sallar asuba zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi bakin teku kusan ba kowa, domin yawancin baƙi sun yi dare. Lokacin ne ruwa ya fi kwanciya, rana ba ta yi zafi ba, uwargida za ta shiga ruwa da kayan ninkayarta masu rufe jiki ba tare da idanu sun yi yawa ba. Kayan su zama na yadin ninkaya na ainihi, domin wasu otal suna hana shiga kwami da tufafin auduga, kuma doguwar riga mai faɗi idan ta sha ruwa nauyi take yi, tana naɗe ƙafa, hatsari ce a cikin teku. A tsibirai irin su Barbados da Antigwa da Sen Lusiya doka ta ba kowa damar bin bakin teku, ko da a gaban otal ne, don haka masu talla da sauran jama'a za su riƙa wucewa.

Abinci da abin sha

Naman halal ba abu ne da za ka ɗauka akwai shi ba. Wasu otal suna iya nemowa idan an sanar da su makonni kafin zuwa, wasu ba sa iyawa. Mafi sauƙi ku ƙudurta cewa mako guda kifi da jatan lande da ƙwai da kayan lambu za ku ci, kuma a Karibiyan wannan ba hasara ba ce. Za ma ku ga abincin ba baƙo ba ne, saboda yawancin mutanen tsibiran jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne a zamanin cinikin bayi. Abincin ƙasa na Barbados tuwon garin masara ne da aka tuƙa da kuɓewa, ana ci da kifi. A Jamaika akwai shinkafa da wake da aka dafa da madarar kwakwa, da ganyen kalalu wanda dangin alayyafo ne, da soyayyar agada, kuma barkonon da suke ji da shi ɗan'uwan attaruhunmu ne. Zoɓo ma suna sha, suna kiransa "sorrel", amma a tambaya kafin a kurɓa, don sukan zuba masa giyar rake, musamman a lokacin Kirsimeti.

Inda ake tuntuɓe shi ne abin da ba ya bayyana a ido. Giyar rake, wadda suke kira ram, tana shiga kek da miyar zaƙi da ayabar da ake soyawa a kunna mata wuta. Giyar inabi tana shiga miyar kifi da ta taliya a ɗakunan abincin Italiya da Faransa. Naman alade yana ɓuya a cikin wake da miya, kuma a wurin gashi ana ɗora kaza da alade da kifi a kan waya ɗaya, a juya su da abin juyawa ɗaya. A teburin ɗebi-da-kanka, cokali yakan yi yawo daga wannan kwano zuwa wancan. Maganin abin shi ne ranar da kuka sauka ka nemi ganin babban kuku ko mai kula da masu abinci na musamman, ka ce a rubuta a bayananku: ba alade, ba giya ko a cikin girki, kifi a soya ko a gasa a kasko daban. Sun saba da irin wannan buƙata saboda masu rashin lafiyar da wani abinci ke tayar musu, kuma idan an rubuta suna kiyayewa fiye da idan da baki aka faɗa wa mai kawo abinci. Ɗakunan abincin da ake dafa wa kowa nasa sun fi muku sauƙi a kan na ɗebi-da-kanka. Ku guji babban kifin barakuda, domin yakan ɗauki wata guba da dafuwa ba ta kashewa.

Abin shan da ake miƙo wa baƙo yana shigowa yawanci da giya a ciki, ku tambaya. Kowane haɗin 'ya'yan itace ana yin sa ba giya idan an ce "virgin", kuma yana da kyau ka tsaya ka ga an haɗa. A ɗaki za ku tarar da firij da kwalabe, wani wurin har da jerin manyan kwalabe a maƙale a bango. Ka rubuta tun kafin zuwa a kwashe su, a cika da ruwa da lemo. Hukuncin zama a wurin da ake shan giya a fili kuwa, wannan fagen malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa kafin ka yanke shawara. Abin da ke nawa shi ne in gaya maka gaskiyar wurin: za ku ga giya kullum, ba wanda zai tilasta muku.

Lissafin kuɗi

Farashin da ake nunawa yawanci na mutum ɗaya ne a dare ɗaya. A misali, idan ka ga dala 350, lissafinka 350 sau biyu sau bakwai ne, wato dala 4,900, kafin tikitin jirgi. Ka kai shafin ƙarshe na biya ka ga jimilla da haraji kafin ka kwatanta otal biyu.

Wani kaso na wannan kuɗi na giyar da ba za ku sha ba ne, kuma ba a rage wa wanda ba ya sha. Saboda haka nake ba masu irin halinku shawara su kwatanta da otal na manya da ke sayar da ɗaki da karin kumallo kawai, ko da abinci sau biyu. A Barbados, inda gidajen abinci suke da yawa a waje, wannan yakan fi. A wurin da otal yake shi kaɗai a daji, nesa da gari, biyan kuɗi ɗaya ya fi kwanciyar hankali, tunda abinci a tsibiran nan yana da tsada, yawancinsa shigo da shi ake yi.

"Komai" ɗin ma ba komai ba ne. Abinci, abin sha, kwalekwalen hannu da kayan leƙen ƙarƙashin ruwa suna ciki. Tausa, yawon buɗe ido a waje, babur ɗin ruwa, hoton mai ɗaukar hoto, wankin kaya, cin abincin dare ku biyu a bakin teku da ganin likitan otal duk biya ake yi daban, kuma da tsada. Idan uwargida za ta yi tausa, a faɗa tun wajen ajiye lokaci cewa mace ake so. Motar ɗauko ku daga filin jirgi tana ciki a Sandals da Couples, a wasu kuwa sai ka biya. Tukuici ma ya bambanta: Sandals ya hana ma'aikata karɓa, in ban da hadimin ɗaki da masu tausa, amma a Punta Cana da Kankun an saba miƙa dala ɗaya ko biyu ga mai kawo abinci da mai gyaran ɗaki, don haka ka tanadi canjin dala ɗai-ɗai. Dalar Amurka tana karɓuwa kusan ko'ina a wuraren baƙi. Dalar Barbados biyu ce dalar Amurka ɗaya, ta Gabashin Karibiyan da ake kashewa a Sen Lusiya da Antigwa kuma 2.70.

Ka je da katin dala, ba na naira kaɗai ba, domin a wurin karɓar baƙi za su riƙe wani adadi a katin a matsayin jingina har ku tashi. A Punta Cana da Kankun wani ma'aikaci mai fara'a zai gayyace ku karin kumallo na musamman ko ya yi muku alkawarin kyauta, daga baya ku tsinci kanku a zaman sa'o'i ana tallata muku shiga ƙungiyar hutu ta shekaru. Ka ce a'a tun a karon farko, kada ka sa hannu a kan komai.

Wane wata

Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Afrilu ne rani a can, iska mai daɗi, ruwan sama kaɗan, farashi a sama. Lokacin mahaukaciyar guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Arahar da kake gani a Satumba dalilinta ke nan. Ba wasa ba ne: Beryl ta ragargaza tsibirin Carriacou na Giranada a farkon Yulin 2024, Melissa kuma ta faɗa wa yammacin Jamaika ranar 28 ga Oktoban 2025 da ƙarfi mafi girma a ma'aunin guguwa. Idan Jamaika ka zaɓa, ka tambaya ko an kammala gyara a otal ɗin da kewayensa. Aruba da Kurasawo suna kudu, kusa da Benezuwela, kuma guguwa ba ta cika bi ta kansu ba. A ganina ƙarshen Afrilu da Mayu, ko farkon Disamba, su ne daidai: farashi ya sauko, hatsari kaɗan ne. Duk wanda zai je a watannin guguwa ya sayi inshorar tafiya tun ranar da ya biya, don ba a karɓar wadda aka saya bayan an riga an sanya wa guguwa suna.

Abu na biyu da hoton talla ba ya nunawa shi ne ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ake kira sargasum. Tun 2011 take taruwa a Atlantika, daga gaɓar Afirka ta Yamma har Karibiyan, iska tana turo ta bakin ruwa tuli-tuli, galibi daga bazara zuwa ƙarshen damina. Idan ta ruɓe warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi. Gaɓar da ke fuskantar gabas ce ke shan ta: Punta Cana, gaɓar kudu da Kankun, gabashin Barbados. Wadda ke fuskantar yamma, irin Negril da yammacin Barbados da yammacin Sen Lusiya, ta fi tsira, kuma ruwanta ya fi kwanciya ga wanda bai iya iyo ba. Ka buɗe taswira ka ga ina bakin tekun otal ɗin yake kallo kafin ka biya.

Biza da hanya

Ga mai fasfon Najeriya, nan ne tafiya take yiwuwa ko ta rushe, kuma da shi ya kamata a fara kafin a kalli hoton ɗaki. Barbados tana karɓar ɗan Najeriya ba biza. Jamaika tana neman biza, kuma tana da ofishin jakadanci a Abuja. Jamhuriyar Dominikan da Meziko suna ɗauke wa mai riƙe da bizar Amurka ko Kanada ko Birtaniya ko ta Shengen (bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama) da ba ta ƙare ba. Waɗannan dokoki suna canzawa, don haka maganar ƙarshe ta ofishin jakadancin ƙasar ce da kamfanin jirgin da zai ɗauke ku, a makon da za ka biya.

Ƙasar da za a bi ta cikinta ta fi ba da wahala. A Amurka babu canjin jirgi ba biza, ko na sa'a ɗaya ne. A Landan ɗan Najeriya yana buƙatar bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai idan yana da wata takarda da ta ɗauke masa, kamar bizar Amurka ko Kanada a wasu yanayi. Ga kuma wani tarkon: jirage da yawa daga Najeriya a filin jirgin Heathrow suke sauka, da yawa daga na Karibiyan kuma daga Gatwick, wani filin jirgin Landan daban, suke tashi. Tafiya tsakanin biyun shiga ƙasa ce, kwana a Landan ma haka, kuma takardar da ake nema ta bambanta. Amstadam da Faris su ma suna da tasu bizar ta filin jirgi. Ka sayi tikitin duka a dunƙule a wuri ɗaya, don idan jirgin farko ya makara, nauyin kamfani ne ya sa ku a na gaba.

Daga Abuja zuwa Landan kusan sa'a shida da rabi ne, daga Landan zuwa Barbados kusan tara, zuwa Jamaika kusan goma. Bayan an sauka akwai mota: daga filin jirgin Montego Bay zuwa Negril kusan sa'a ɗaya da rabi, daga filin Hewanorra na kudancin Sen Lusiya zuwa otal-otal na arewa ma haka, a kan hanyar dutse mai yawan lanƙwasa, mai jiri ya sha magani kafin a tashi. Najeriya tana gaban Barbados da sa'a biyar, tana gaban Jamaika da shida. Idan kwana bakwai kake so a otal, ka ɗauki hutun kwana goma ko sha ɗaya.

Katin rigakafin shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Najeriya a yawancin tsibiran, kuma sai allurar ta kwana goma take aiki. Jamaika da Barbados da Jamhuriyar Dominikan suna da fom na shiga da ake cikawa a intanet kafin tashi. A shafin gwamnati ake cikawa, ka kiyayi shafukan bogi masu karɓar kuɗi. Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. Ka tafi da kwafin takardar aurenku, wasu otal suna yi wa masu bikin cikar shekara ɗan karamci idan an nuna. Kada ku biya kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Kafin nan ka tsaya a kafin alƙalamin da ake iya janyewa.

Ƙananan abubuwa masu ɓata hutu

Ku tafi da buta, banɗakunansu takarda kawai ake ajiyewa. Ku ɗauki darduma biyu. Alƙibla tana tsakanin gabas da arewa maso gabas, kusan digiri 60 daga arewa a Jamaika, kusan 67 a Barbados. Barbados tana kan layi ɗaya da Sakkwato a taswira, don haka lokutan salla a agogon can ba su yi nisa da abin da kuka saba ba. Akwai masallatai a Bridgetown da Kingston, manyan biranen Barbados da Jamaika, amma yawancin otal-otal suna nesa da masallaci. Wutar Jamaika da Barbados da Jamhuriyar Dominikan mai ƙarfin volt 110 zuwa 120 ce da soket irin na Amurka, sai da adafta. Sen Lusiya irin tamu ce. Tufafi masu zanen kakin soja haramun ne ga farar hula a Jamaika da Barbados da Sen Lusiya da Antigwa, har jaka da hula. Wasu ɗakunan abinci da dare suna neman dogon wando da rufaffen takalmi. Ka tambaya a rubuce ko kaftani da hula sun wadatar.

Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, ku shafa maganin sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, musamman da sassafe da yamma lokacin da ƙananan ƙudajen rairayi suke fitowa. Idan uwargida tana da ciki ko kuna neman haihuwa, ku ga likita kafin ku biya saboda cutar Zika da ta bazu a yankin a 2016. Jar tuta a bakin teku tana nufin kada a shiga ruwa. Akwai wata bishiya mai suna mancinil, mai 'ya'ya kamar ƙananan tuffa, wadda akan shafa wa jan fenti: ba a cin ɗanta, ba a fakewa a ƙarƙashinta idan ana ruwa, ruwan jikinta yana ƙona fata. A Jamaika za a iya yi maka tayin wiwi a bakin teku. Ka wuce, kuma kada ka karɓi saƙon kowa zuwa filin jirgi.

Kafin ka tura ko sisi, ka haɗa tambayoyinka a imel ɗaya zuwa otal ɗin kansa, ba dillali kaɗai ba: sirrin kwamin ɗaki tare da hotuna, kayan ninkaya masu rufe jiki, abinci ba alade ba giya, kwashe kwalabe daga ɗaki, ko akwai sashen tsirara, ko ana gini ko gyara a watan da za ku zo, da sharaɗin mayar da kuɗi idan biza ba ta fito ba ko guguwa ta taso. Ka buga amsar a takarda ka tafi da ita, don wanda ya amsa maka imel ba lallai shi za ka tarar a wurin karɓar baƙi ba.